Takunkumin da Nuru Ya Rataye a Ƙusa

Ranar Talata, sha uku ga watan Mayu, bayan sallar azahar, Allah ya karɓi ran Malam Nuruddeen Abdulrasheed, wanda Bolari ta fi sani da Nuru Mai Tanka. Ya rasu a gidansa yana da shekara hamsin da shida, bayan doguwar jinyar ƙirji, aka kuma kai shi makwancinsa kafin magariba. Daga Allah muka zo, wurinsa za mu koma. A kan wannan magana dai, Nuru, ni da na tashi a coci da kai da ka tashi a masallaci ba mu taɓa yin gardama ba.

Sunana Bernard, malamin lissafi ne da ya ajiye alli, kuma ni ne abokin gabarka a kan tebur sama da shekara ashirin. Wanda ya san ni ya san ba ni da saurin yarda. Matata Edna takan ce ko ruwa aka miƙo mini sai na leƙa gindin kofi. Don haka mai jiran ta'aziyyar da za ta ce kowa ya kyauta, ya yi haƙuri, ba tawa ba ce. Abu biyu ne suka zaunar da ni rubutun nan: kewarka, da wani ɗaki da ke bayan shagonka. A ɗakin ka bar tirelar wasa da ba ka gama ba, ka bar ƙusa a bango da takunkumin fuska rataye a jikinta, mabuɗin kuma yana hannun 'yarka Su'ad, wadda ta ce ita za ta ƙarasa aikin. Ɗakin nan nake zargi da cinye maka ƙirji. Tun da muka dawo daga maƙabarta tsorona ɗaya ne, kada ya fara cin nata.

Da yawa cikin masu zuwa gaisuwa ba su san abin da ya haɗa mu ba, bari in yi musu bayani. Wasa ne da ake yi a kan tebur mai faɗi. A yi masa tuddai da soson katifa, a zana kogi da shuɗin fenti, a kafa 'yan gidaje na kwali. Kowane ɗan wasa da rundunarsa: 'yan sojoji kamar babban yatsa, da motocin da ke ɗaukarsu, da tankokin yaƙi. Ana jefa dayis irin na lido, a auna tafiyar kowace mota da tef ɗin tela. Dara ce dai, sai dai ta fi dara cin wuri da cin aljihu. A Jos na koyo shi wurin wani abokin karatu, na dawo Gombe da 'yan sojojina cikin gwangwani, ba ni da mota ko ɗaya. Manyan motocin daga ƙasar waje ake kawo su a kwali, gutsi-gutsi, mutum ya haɗa da kansa, kuma kuɗin guda ɗaya in an haɗa da na jirgi ya kusa cinye albashina na wata a lokacin.

Aka ce mini akwai mai yi wa yara motar gwangwani a Bolari, bayan tasha. Na same ka a ƙofar shago da almakashin yanka kwano a hannu. Na nuna maka hoton wata tanka, na faɗa maka kuɗinta. Ka daɗe kana kallon hoton, sannan ka ɗago ka yi mini irin kallon da ake yi wa wanda aka damfara, ka tambaye ni da me ake yin ta. Na ce roba.

"Robar bokiti?" in ji ka.

Na ce wata iri ce dai ta musamman. Ka ce duk wanda ya sayar mini da bokiti a wannan kuɗin, ai kamata ya yi ya haɗo mini da rijiya. Ka ce in dawo bayan Juma'a.

Da na dawo na tarar da ita a kan benci. Cikinta filawud, sulkenta gwangwanin madara da ka buga har ya kwanta, bakin bindigarta ƙarfen tsohuwar laima, sarƙar ƙafarta kuma tayar keke ce ka yanyanka ka jera. Na juya ta sama da ƙasa ina neman inda ka yi ha'inci, ban samu ba, abin har ya ba ni haushi. Kai kuma ka ce ba za ka ba ni ita ba sai na nuna maka me ake yi da ita, don ba ka yarda babban mutum mai furfura a gemu zai zo neman motar wasa saboda Allah da Annabi ba. Haka muka fara, kowa yana zargin ɗan'uwansa. Kafin daminar shekarar ta ɗauke ka soma cinye ni, har zuwa ƙarshen rayuwarka kuwa ba ka daina cewa tef ɗina yana miƙewa a duk lokacin da tankata ce ke tafiya ba.

Yadda kake yanka farashi ban taɓa ganin irinsa a wurin wani mai sana'a ba. Ba ka faɗar kuɗi da baki kawai. Sai ka shimfiɗa kayan aikin a kan benci a gaban mai saye: ga katako, ga gwangwani, ga gam, ga fenti, ga waya, ka taɓa kowanne da yatsa ka faɗi abin da ya ci. A ƙarshe ka ɗora tafin hannunka a gefensu ka ce ga kuma wannan. Mutum ya ga komai da idonsa, ya rasa inda zai kama ya yi ciniki. Amma kafin duk wannan akwai tambayar da ba ka tsallakewa: wasa za ka yi da ita, ko kallo? In ta wasa ce, sai ka sa mata wayar tayar keke a matsayin ƙarfen da ke riƙe tayoyi, ka binne tsohon noti a cikinta don kada iska ta kifar da ita. In kuwa ta kallo ce, wadda za a rufe a gilas a falo, sai ka ƙara kuɗi. Kakan ce motar da ba ta zuwa ko'ina dole ta biya kuɗin fakin.

Yaran unguwa kuwa nasu farashin daban ne: kowa ya kawo gwangwanaye wankakku, ya tafi da mota. Akwai manyan mutane a garin nan yau, masu ofis da direba, da motarsu ta farko daga hannunka ta fito, wasunsu na gan su sun zo gaisuwa suna share ido da gefen hula. Ni ma ina da nawa abin tunawa. Shekarar da iskar farkon damina ta ɗauke mini rabin rufin gida a Pantami, kafin in gama tsayuwa ina kallon sama, sai ga ka a kan mashin da almakashinka da guduma a cikin buhu. Ka yini a kan rufin. Da na yi maganar sallama ka ce in bar ta, ka riga ka fanshe, tun da daga sama ka hango inda nake ɓoye sojojina in ina gwaji ni kaɗai a tsakar gida. Ranar Edna ta yi dariya har da hawaye, yau kuma in ta tuna hawayen kawai ke zuwa.

Canji ya zo ne ta hannun Mudathir, wani matashi ɗan Dawaki da ya shigo wasanmu, mai wayo da waya. Shi ya ɗauki hoton motocinka ya sa a intanet, sai ga oda daga Abuja da Legas, har da Fatakwal. Sai dai waɗancan mutanen ba gwangwani suke so ba. Suna son irin ta kwali, mai ƙananan ƙusoshi a jiki da ƙofofi masu buɗewa, a kuɗin da bai kai rabin na waje ba. Mudathir ya kawo maka rezin. Wani ruwa ne mai kauri kamar zuma, a haɗa shi da ɗan'uwansa a zuba a mazubi, ya daskare ya zama kamar ƙashi, sannan a bi shi da sanfefa a goge har ya yi santsi. Ka shinshina shi ka ce abin da ke wari haka ba ya nufin mutum da alheri. Amma yara suna makaranta, kuɗin katako yana hawa, kuma hannunka ya ga abin da zai iya yi da shi. Ka karɓa, da sharaɗi ɗaya da ka gindaya wa kanka. Ka aika Kano aka sayo maka takunkumi na gaske, irin na masu fentin mota, mai matatun iska biyu a gefe da gefe. In ka sa shi kanka yakan koma kamar na babe, muna ta yi maka tsiya. A ƙofar shago kake aikin, a fili, iska na kwashe ƙurar.

Sai shekarun tsoro suka zo. Duk wanda ke Gombe a lokacin bai manta ba: ƙarar bama-bamai da ake ji daga tashoshin mota, shingaye a hanya, kowa yana kallon jakar kowa. Ba na ganin laifin mai tsoro, wanda maciji ya sara in ya ga baƙin tsumma gudu yake. Amma ka duba yadda muka kasance a idon mai wucewa. Ga mutum ya rufe fuska da wani abu, ga jarkoki masu wari, ga maza sun kewaye tebur mai kama da taswira suna auna tazara tsakanin tanka da gada. Ni kaina a coci sai da wani dattijo ya ja ni gefe ya tambaye ni me nake yi kullum Asabar a Bolari.

Wata safiya jami'ai suka zo suka tafi da kai, da jarkokin, da takunkumin, da tanka biyu. Matarka Halimatu Sadiya ta aiko mini, na bi ku da dayis da tef a aljihu. Gaskiya ba su ci mutuncinmu ba. Sai da muka buga musu wasan a kan teburin ofis, ni da kai, kai kuma ko a nan ba ka fasa cewa ina jan tef ba. Babbansu ya yi dariya, ya ce mu tafi. Amma da yake miƙo maka takunkumin ya ce wani ne a unguwa ya kawo ƙara, ba zai faɗi suna ba, kuma shawararsa ita ce ka daina fitowa da wannan abin a fuska, don shi ke tsorata mutane, wata rana wanda zai zo ba lalle ya tsaya tambaya ba.

Teburin wasa ka fito da shi gindin dogonyaro, inda kowa zai gani, ka ce ciki da gaskiya wuƙa ba ta huda shi. Wannan kowa ya yaba maka. Abin da mutane ba su lura da shi ba shi ne inda aikin rezin ya koma. Ka mai da shi ɗakin baya, mai taga ɗaya, ita ma ka toshe ta da kwali don kada wari ya fita a sake magana. Takunkumin kuma ka rataye shi a ƙusa. Ka ce ko a cikin ɗakin, in wani ya leƙo ya gan ka da shi, an koma gidan jiya. Ka riƙa ɗaura tsohon hankici a hanci, in zafi ya yi yawa shi ma ka cire. Nakan shigo in same ka fari fat kamar mai niƙa, gira da gemu duk ƙura, kana dariya.

Na yi maka magana har ka gaji da ni. Shekarar korona, da duk garin ya rufe fuska, na ce to ga dama ta samu, yau mai buɗaɗɗiyar fuska shi ne abin zargi. Ka sauko da shi, sai muka tarar matatunsa sun lalace. Ka tambayi kuɗin sababbi, ka ji, ka mayar da shi ƙusarsa. Ka ce in ka ɗora wannan a kan kuɗin mota, Mudathir zai ce kwastomomi za su gudu. Nuru, kai da ba ka barin ko ɗigon gam ba ka nuna wa mai saye ba, kai da kake ɗora tafin hannunka a benci ka ce ga kuma wannan, ba ka taɓa sa ƙirjinka a cikin kayan aiki ba. Wannan yana ci mini rai, kuma na faɗa maka tun kana da rai, ba yau na fara ba.

Tarin ya fara kamar na mura. Daga baya hawa matakala biyu ya zama aiki, daga nan magana mai tsawo ta gagara. Na raka ka asibiti ranar da likita ya ɗaga hoton ƙirjinka a haske, ya daɗe yana kallo, ya tambaye ka wace sana'a kake yi. Da ka faɗa masa bai ce ita ce ba, bai kuma ce ba ita ba ce. Na san in ajali ya yi kira ko ba ciwo sai an je, ba na jayayya da hukuncin Ubangiji. Amma ajali yakan zo da sanadi, ni kuma Allah ya yi ni mai bin diddigin sanadi. Asabar ɗin ƙarshe da muka yi wasa, a kan tabarma ne a ɗakinka, ni ke matsar maka da motocinka don hannunka ba ya kai wa. Ka ce mini, da numfashi a tsakanin kowace kalma, yau dai tef ɗin duka biyun a hannun ɓarawo suke.

Zaman makoki ya yi mini wuya, ba don kewa kaɗai ba. Ina zaune a tabarma ina kallon fuskoki, duk wanda ya ce Allah ya jiƙansa sai zuciyata ta ce ko shi ne ya kai ƙarar. An ce zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, to ni dai na kwashi nawa kason a kwanakin nan. Wanda idona ya fi tsayawa a kansa shi ne Malam Sa'idu, mai shagon kayan masarufi da ke kallon naka. Shi ne a da yake ƙorafin wari yana shiga masa buhun shinkafa. Shi ne kuma ranar da aka tafi da kai aka ce bai buɗe shago ba sai azahar. Ba ni da wata hujja bayan wannan. Kai kanka ka hana ni maganar, ka ci gaba da sayen sukari a wurinsa har ƙarshe. A zaman makokin shi ya kawo tabarmi, shi ya fi kowa daɗewa, ni kuma yawan hidimar tasa ma ƙara mini zargi ta yi.

Ba a gama naɗe tabarmi ba Mudathir ya zo gaisuwa ta biyu, kansa a ƙasa, ya ɗan taɓo maganar tirelar. Ita ce aiki mafi girma da ka taɓa karɓa, tirela mai ɗaukar tanka, tsawonta ya kai hannun mutum, wani a Abuja yana jira. An zuba gaɓoɓinta duka, saura gugar sanfefa da haɗi da fenti, wato saura ƙurar. Su'ad ta ce za ta yi. Ba yarinya ba ce, ta gama kwaleji, kuma shekara da shekaru ita ke yi wa motocinka fenti, hannunta a buroshi ya fi naka, kai ma ka yarda. Kai ba ka kiran sunanta, Mamana kake ce mata, tun da sunan mahaifiyarka ta ci.

Na same ta a ɗakin baya, ƙofa a rufe, ta ɗaura gefen mayafinta a hanci. Wallahi kamar kai na gani. Na ce ta bar aikin nan. Ta ce ba za a ce Babanta ya tafi da alkawari a wuya ba, kuma da wannan sana'ar za a ci abinci a gidan, ƙannenta na makaranta. Na ce to ta fito waje. Ta ce mahaifiyarta na takaba, ita kuma mace ce, in ta zauna bakin titi tana wannan aiki me unguwa za ta ce. Na nuna mata ƙusa na tambaye ta ko ta san mene ne wancan.

"Ai ya lalace ne, Ankul," in ji ta. "Tun ina ƙarama yake nan."

Ashe ba ka taɓa gaya mata ba. Ranar da aka tafi da kai ce mata aka yi ka je Kumo sayen katako. Ka yafe mini, Nuru, na fasa maka wannan rufin asirin. Na zaunar da ita na ba ta labarin tun daga farko, har zuwa hoton da likita ya ɗaga a haske. Ba ta yi kuka ba. Ta miƙe ta sauko da takunkumin, ta kaɗe masa ƙura, ta ce in dawo gobe, in kuma gaya wa Mudathir ya zo.

Washegari ta shimfiɗa kayan a kan bencinka yadda kake yi. Ga rezin, ga gam, ga sanfefa, ga fenti, tana taɓa kowanne da yatsa tana faɗin abin da ya ci. Ta ɗora tafin hannunta ta ce ga kuma wannan. Sannan ta ɗauko takunkumin ta ajiye a ƙarshen layi, ta faɗi kuɗin sababbin matatu, ta ce daga yau yana cikin kuɗin kowace mota. Mudathir ya sosa ƙeya, ya ce kwastoma ya riga ya san farashi, kasuwa ba daɗi, dala ta tashi. A ƙarshe ya ce ai Baba bai taɓa sa wannan a lissafi ba.

"Shi ya sa da ni kake ciniki yau," in ji Su'ad.

Ya fita ya yi waya, ya dawo ya ce mutumin ya yarda. Yadda ya yarda da sauri haka ya sa na fara tunanin ko nawa ake sayar da motocinka a Abuja duk shekarun nan, amma wannan zargin na wata rana ne.

Asabar da ta wuce matatun suka iso daga Kano. Da hantsi Su'ad ta fito da benci gindin dogonyaro, wurin teburinmu, da roba cike da ruwa don ta riƙa jiƙa sanfefa ƙurar ta kwanta. Ta gyara hijabinta, ta ɗora takunkumin a kai, ta ɗaure. Ni kuma na ɗauko dogon benci na zauna a gefenta da sandata, na ce duk mai tambaya ya tambaye ni. Masu wucewa suka fara rage tafiya. Mata biyu suka tsaya a ƙofar wani gida suna magana ƙasa-ƙasa. Su'ad ta ci gaba da gugar ƙofar tirelar, ba ta ɗago ba.

Can sai Malam Sa'idu ya fito daga shagonsa, ya tsaya yana kallo. Na gyara zama, na riga na shirya abin da zan gaya masa, shekara goma ina tara shi. Ya tsallako titi a hankali. Da farko ya kori yaran da suka taru ta inda iska ke kaɗawa, ya ce su koma ɗaya gefen. Sannan ya tsaya a kaina, bai kalle ni ba, takunkumin yake kallo.

"Da ma shi ma Nuru a nan waje ya yi zamansa," in ji shi.

"Da an bar shi," na ce.

Ya daɗe a tsaye, har na ji nauyin tsayuwar. Ana haka wani mai mashin ya taka birki, ya ɗaga murya yana tambayar me ake haɗawa a nan, me ya sa ta rufe fuska haka. Kafin in buɗe baki Malam Sa'idu ya juya ya ce masa aikin ubanta take yi, ya kama gabansa. Mutumin ya ja mashin ɗinsa ya tafi.

Ban san ko nadama ce ta tsallako da shi titi ba, ko kuwa maƙwabtaka ce kawai, ni ne na ɗora wa bawan Allah laifin wani duk shekarun nan. Ban tambaye shi ba, ba na jin zai faɗa. Har yanzu ban cire shi daga zargi ba, Nuru, ka san halina. Amma na matsa masa a benci, ya zauna, muna jin ƙarar sanfefa har aka kira azahar.

Ya Allah, ga bawanka Nuruddeen ya zo gare ka. Ka gafarta masa, ka yi masa rahama, ka yalwata masa kabarinsa, ka ba shi numfashin da ya gagare shi a nan. Ka sa farin cikin da ya sa a zukatan yaran Bolari ya zama haske a gabansa. Wanda ya kai ƙararsa don tsoro, ka yafe masa, ni ma ka yafe mini abin da na zata a kan wanda bai ji ba bai gani ba. Ina miƙa ta'aziyyata, da ta Edna da 'ya'yanmu, ga Halimatu Sadiya, Allah ya ba ki haƙuri, ya zama gatanki. Ga Su'ad da ƙannenta, Allah ya raya ku, ya albarkaci hannuwanku, ya tsare muku lafiyarku. Ga 'yan'uwa da abokan tebur da duk mutanen Bolari, Allah ya ba mu juriyar wannan rashi, in tamu ta zo ya sa mu cika da kyau.

Kafin in taho gida ranar Asabar ɗin nan na leƙa ɗakin baya. Su'ad ta cire kwalin da ka toshe taga da shi, haske ya shigo har bango. Ƙusar tana nan inda ka buga ta, Nuru, babu komai a jikinta.